Silif ba katin zaɓe ba ne

Har yanzu littafin yana nan cikin durowata, irin mai bangon kwalin nan da 'yan sakandare ke rubuta darasi a ciki. Sunaye 300 da ɗoriya, kowanne da lambar waya a gefe, kuma a gaban kowane suna na rubuta "an gama" da jan biro. Jan biron nan ne yake ƙona mini rai duk ranar da na buɗe littafin, domin fiye da rabin waɗanda na yi wa wannan alama ba su kaɗa ƙuri'a a 2023 ba. Kuma ba ƙi suka yi ba. Ni ne na ce musu an gama.

A watan Fabrairun 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aikin da ya kai mu har Oktoba, muka dawo gida Kano muka zauna, ba karatu ba sana'a. Majalisarmu ta ƙofar shagon cajin waya ta koma kamar ofis, tun hantsi har bayan isha'i. Mu ne 'yan zamanin da suka ga yadda maudu'i ɗaya a Twitter, wato #EndSARS, ya fito da matasa titi a Oktoban 2020, muka ga gwamnati ta rufe dandalin daga Yunin 2021 har Janairun 2022, mu kuwa muka ci gaba da shiga ta bayan gida da VPN. An riga an sa hannu a dokar rage shekarun takara tun 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Ga sabuwar dokar zaɓe da aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022, ana ta zancen BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, da ɗora sakamako a intanet. Duk wanda ya zauna a majalisar nan a lokacin zai rantse cewa mulkin ƙasar ya dawo cikin wayoyinmu.

Hukumar zaɓe ta buɗe shafin fara rajista ta intanet tun ƙarshen Yunin 2021, amma a unguwarmu kusan babu wanda ya san da shi. Sai na kawo shawara mu fito da teburi, mu riƙa cika wa mutane kyauta. Mu biyar muka haɗa kuɗin data, wani ya aro tsohuwar na'urar buga takarda a wurin yayansa, mai shago ya bar mu muka ja wuta. Da azumi ya kama a watan Afrilu, aikin ya koma bayan tarawi, kuma a nan ne kasuwa ta buɗe. 'Yan mata da suka cika 18, 'yan adaidaita, yaran teloli, matan aure da mazajensu ke karɓo mana bayanansu a takarda, mu aika ƙanwar ɗayanmu ta shiga gida ta ɗauko hoto. Shafin yana neman hoto biyu, ɗaya fuska a ɗaure, ɗaya ana murmushi, kuma babu abin da ya kai sa dattijon Bakano ya yi wa waya murmushi wahala. Muna gamawa sai mu buga wa mutum silif, wato takardar shaidar an cika masa fom, ya linke ya sa a aljihu yana sa mana albarka.

Kowane dare sai na hau Facebook na rubuta adadin ranar. Yau mun yi wa mutum 22 rajista, yau 30. Ana ta yabo, ana turawa gaba, har wasu daga Zariya da Katsina suna tambayar yadda muka tsara. Ni kuwa kaina ya yi girma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na sani. Ba rashin sani ba ne. A jikin silif ɗin an rubuta cewa sai mutum ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa da fuskarsa kafin rajista ta cika, har da rana da wurin da ya zaɓa. Na karanta shi sau ɗari. Amma a raina na ɗauka mai wuyar shi ne wanda muke yi, cike fom da fama da sabis, zuwa ofis kuwa ƙaramin abu ne da kowa zai yi idan ya samu sarari. Abin da nake faɗa wa mutane shi ne, "Shi ke nan an gama, sai dai wata rana ka leƙa ka dangwala." Wanda ya ji "an gama" a farkon zance, ina zai tsaya jin sauran?

Mai unguwarmu ya ankarar da ni tun da wuri. Wata rana da daddare ya tsaya a gaban teburin, ya karɓi silif ɗaya ya ɗaga shi saitin fitila, ya daɗe yana dubawa kamar mai duba kuɗin jabu.

"Ɗan nan, to wa zai kai su?"

"Ranka ya daɗe, ai yanzu zamani ya canja, komai a waya ake yi. Zuwan ba wani abu ba ne."

Ya ce to, Allah ya taimaka, ya wuce. Mu kuwa muka bi shi da dariya a ɓoye, wai tsoho bai fahimci fasaha ba.

Shi ya san abin da ban sani ba. Matar da ke cikin gida, zuwa ofishin ƙaramar hukuma yana nufin neman izini, da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da wadda za ta riƙe mata yara, da girkin ranar. Yaron tela sai maigidansa ya sake shi, kuma ana gab da sallah babu telan da ke sakin yaro. Mai tura baro idan ya wuni a layi, ranar bai ci ba. Mu da muke zaune babu aikin yi, wuni guda ba komai ba ne a wurinmu, shi ya sa muka auna kowa da kanmu.

An rufe fara rajista ta intanet a ƙarshen Mayu, muka naɗe teburi, na yi dogon rubutu na godiya har da hotuna. Sai wajen tsakiyar Yuni wani yaron tela ya tare ni a bakin masallaci, ya zaro silif ɗinsa daga aljihu. Har ya kai an manne masa shi da leda don kada ya lalace.

"Yaya, wai yaushe za a fara raba mana katin?"

Na ce ka je an ɗauki yatsunka? Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. A daren na ɗauko littafin na fara kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutum 20 na farko, uku ne kaɗai suka je. Ban ƙarasa shafi na biyu ba na ajiye wayar, gumi ya jiƙa mini riga. Wa'adin kuma 30 ga Yuni ne.

Allah ya taimake mu aka ƙara lokaci zuwa 31 ga Yuli, kuma wannan watan shi ne aikin gaske da muka yi, wanda babu hotonsa ko ɗaya a Facebook, don kunya ba ta bar ni na ɗora ba. Gida-gida muka bi. Na koma wurin mai unguwa na durƙusa, bai ce mini komai a kan waccan maganar ba, sai ya sa aka yi sanarwa a masallatai bayan sallar asuba, ya kuma yi wa wasu magidanta magana da bakinsa. Muka yi karo-karo muka ɗauki shatar adaidaita biyu. Amma ihu ne bayan hari. Duk ƙasar ta farka a lokaci guda, kowa ya jira ƙarshe kamar yadda muka jira, layi tun kafin gari ya waye, ga damina. Mukan aika mutum biyu su kwana kusa da wurin don su rubuta sunaye a takardar layi. Akwai ranar da ruwa ya sauko da hantsi, matan da muka kawo suka fake a rumfar mai shayi da goyonsu har azahar, daga nan suka ce a mayar da su gida, kuma ba su sake yarda sun fito ba. Ban ga laifinsu ba.

Ashe da sauran rina a kaba. Akwai waɗanda suka zo teburinmu suna cewa katinsu ya ɓata, ko sun sauya unguwa, mu kuwa maimakon mu nema musu sake kati ko sauyin rumfa, wanda shafin yana da wurinsa daban, sai muka yi musu sabuwar rajista fil. Waɗannan sun sha layi, sun dangwala, amma da aka tace sunaye da na'ura aka ga yatsunsu suna nan tun da, sai aka soke sabuwar. Tsohuwar tana nan, katin ne babu a hannu, kuma lokacin neman wani ya wuce. A faɗin ƙasa rajista kusan miliyan 2.8 aka soke a wannan tacewar, cikin miliyan 12 da ɗoriya da aka yi. Wasu daga ciki da hannuna na rubuta su.

Daga baya na ga alƙaluman da hukumar ta fitar: mutum sama da miliyan 10 suka fara rajista ta intanet, miliyan 3.4 ne kawai suka je suka ƙarasa. Miliyan 7 sun tsaya a silif. Ba zan ɓoye ba, da na gani sai da na ji wani sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai ba ne. Sanyin bai daɗe ba. Waɗancan miliyoyin yawancinsu da kansu suka cika suka bari, nawa kuwa amana suka ba ni, kuma ina da sunan kowa da lambarsa.

A majalisa mun sha kawo labarin Bagega, ƙauyen nan na Zamfara da gubar dalma ta kashe yara, yadda ɗan fafutuka Hamzat Lawal da abokansa suka tayar da maganar a intanet har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsaftace garin a farkon 2013. Mun haddace maudu'in, mun manta cewa sai da suka tafi Bagega da ƙafarsu suka ga abin da idonsu kafin su rubuta komai. Ni dai ɓangaren da ya yi mini daɗi na ɗauka na bar sauran.

Karɓar kati, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ba ta ba mu wahala ba, domin mun riga mun sha duka. Da aka sauko da rabon zuwa mazaɓu a Janairu, kowa sai da muka ga katinsa a hannunsa da idonmu kafin a taɓa littafi, kuma da baƙin biro.

Ranar zaɓe, 25 ga Fabrairun 2023, na fita rumfarmu tun da sassafe, lokacin ana tsakiyar wahalar takardun naira. Wajen ƙarfe goma sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina yaro, ta ci ado da mayafinta na zuwa biki. Ta shiga layin mata, ta kai gaba, ta kwance bakin zani ta fito da silif. Jami'ar ta yi mata bayani cikin ladabi cewa sai da kati. Ina tsaye nesa kaɗan ina fatan ƙasa ta tsage. Ta waiwayo ta hango ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Ai kai ka ce an gama, ɗana."

"Inna, ki yafe mini, kuskurena ne."

Ta mayar da takardar ta ɗaure, ta ce babu komai, Allah ya kai mu wani. Lambar da ke gaban sunanta a littafin ta jikanta ce, kuma a watan Yuli na kira sau biyu a kashe, na ce zan leƙa gidan. Gida na huɗu daga namu. Ban leƙa ba.

Da sakamako ya fito aka ce cikin mutum miliyan 93 da ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta tun 1999. A Kano masu rajista miliyan 5.9, ƙuri'un shugaban ƙasa wajen miliyan 1.7. Abokaina suka hau intanet suna zagin matasa da talakawa, wai surutu kawai suka iya. Ni ban rubuta komai ba. Inna ma ba ta cikin wannan lissafin, don sunanta bai taɓa shiga rajista ba, amma ta yi wanka ta fito ta bi layi.

Masu tambayata yadda ake irin wannan aiki, abin da nake faɗa musu kaɗan ne, kuma duk daga wannan ciwon ya fito. Kada ka cika wa kowa fom sai ka tambaye shi ranar da zai je, da wanda zai kai shi, ka rubuta. Kafin ka taɓa waya ka tambaye shi ko ya taɓa yin rajista a rayuwarsa, ko da a ƙauye ne shekara goma da suka wuce, ka maimaita tambayar, don mutane kan ce a'a suna nufin ba su da kati a yanzu. Kuɗin da za ku zuba a data da fosta, ku ware mafi yawansa ga adaidaita. Ka je wurin mai unguwa da liman tun ranar farko, ba sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ba. Adadi kuma kada ka ɗora shi a Facebook, domin daga ranar da aka fara tafa maka, adadin kake yi wa aiki. Kalmar nan ta "an gama" kuwa, ka haɗiye ta.

Da aka sake buɗe rajista a watan Agustan 2025, ƙannenmu suka zo aron teburin. Na ba su, na kuma ba su labarin, suka saurara da irin fuskar da muka yi wa mai unguwa. Ni ban zauna a teburin ba. Ranar da aka fara ɗaukar yatsu na tare adaidaita, na tsaya a ƙofar gida na huɗu na yi sallama. Inna ta fito da mayafi a kafaɗa da tsohon silif ɗinta a hannu, ta ce ko za a buƙace shi. Na ce a'a, sabo za a yi. Ta ce to bari dai ta riƙe, ta shiga baya ta zauna.