Saura ƙiris in sayi turbo saboda tsagar tiyo

Bayan na wuce matatar mai ta SORAZ, ban kai ga shiga Bakin Birji ba, a nan motar ta fara nuna mini hali. Buhu goma sha biyu na dusa ne a bayanta, ba wani lodin a-zo-a-gani ba, don na sha kai abin da ya fi haka Tanut ba ta ko yi nishi ba. Na taka totur zan wuce wata tirela, sai na ji kamar wani ya riƙe ta ta baya. Na sauko giya ta huɗu na sake takawa. Ƙara ta ƙaru, gudu yana nan inda yake. A madubi kuwa baƙin hayaƙi ne tuƙuƙu, kai ka ce taya ake ƙonawa. Na haƙura na koma bayan tirelar, na yi ta shan ƙurarta har muka rabu. Tafiyar kilomita wajen 140 ce daga Damagaram, amma ran nan sai da la'asar sakaliya na sauke kaya.

Fikof ce mai shan gazuwal, silinda huɗu, lita 2.5, ƙirar 2009. Ta ci zamaninta a Turai kafin ta sauka tashar Kwatano ta faɗo hannuna, agogonta kuma ya haura kilomita 280,000, in agogon gaskiya yake faɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a sulu lafiyarta lau. Cikin gari, daga Birni zuwa Kasuwar Dole, babu mai cewa tana da ciwo. Sai an nemi ƙarfinta take lanƙwashewa, a lokacin ne kuma nake jin wani "shiiii" daga gaba, kamar mai faci ya bar iska na zuba. Fitilar inji ta kan kama, in na kashe motar na sake tayarwa ta ɗan farfaɗo, can kuma ta koma gidan jiya.

Da na dawo na fara kai ta wani garaji kusa da gida. Saurayin bai ma gama ɗaga kapo ba ya ce, "Alhaji, turbon ya tafi." Ya ce zai sa a kawo mini na hannu daga Kano, jika ɗari biyu da hamsin, ban da kuɗin aiki. Ba na ce macuci ne ba. Haka dai abin ya zama a garin nan: duk motar da ke da turbo, da ta rasa ƙarfi, shi ake fara ɗora wa laifi, don shi ne baƙon da ba a saba da shi ba. Ga shi na hannun da za a kawo ma babu wanda ya san irin wahalar da ya sha a motar da aka ciro shi. Na ce masa zan yi shawara.

Shawarar tawa ita ce Baba, tsohon bakaniken da ya riƙa gyara wa mahaifinmu motarsa tun ina yaro. Yanzu ba ya shiga ƙarƙashin mota, yana zaune a benci gindin dogon yaro, yaransa na aiki yana nuni da sanda. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na ba shi labari tun daga Bakin Birji. Da na kai wurin maganar sabon turbo sai ya yi dariya.

"Alhaji, ka taɓa zama a maƙera?"

Na ce na taɓa, Baba.

"To, in wuta ta ƙi ci, maƙeri ba ya korar yaron da ke zuga sai ya duba ko fatar zugazugin ta huje. Turbo zugazugi ne. A fara neman inda iska ke bi."

Wannan misalin ya zauna mini, don daga baya da na fahimci abin sosai na ga bai kauce ba. Turbo farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga filta ta matse ta ta tura cikin inji. Juyin ba na wasa ba ne, yakan wuce 100,000 a minti ɗaya, ƙananan ma har 200,000. Iskar da aka matse takan yi zafi, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na iska a gaban mota ta huce kafin ta shiga. Gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon man da inji zai iya ƙonawa, daga nan ƙarfin ke fitowa. Ke nan in matsin ya yi ƙasa, ko dai iska ba ta samun shiga, ko tana shiga tana zurarewa a hanya, ko hayaƙin ba ya kaɗa farfelar yadda ya kamata. Shi turbon kansa yana can ƙarshen layi.

Tambayar farko da Baba ya yi mini ita ce kalar hayaƙi. Na ce baƙi. Ya gyaɗa kai. Baƙi a motar gazuwal yana nufin mai ya yi wa iska yawa, wato mai na zuwa, iska ce ba ta isa ba. Da shuɗi ne, mai warin ƙonannen baƙin mai, da sai a fara zargin turbon na zubar da mai ko injin ya gaji. Da kuwa babu hayaƙi sam, ga rashin ƙarfi, da filtar gazuwal za a fara cirewa, don injin da ba ya samun mai ba ya fitar da hayaƙin da zai juya turbo, sai a ga matsi ya faɗi alhali turbon ba ruwansa.

Sai aka buɗe akwatin filtar iska, a nan na ji kunya. Fiye da shekara ban canza ta ba. Abin da nake yi, duk sanda aka yi juye, wato canjin baƙin mai, sai in sa a hure ta da kwamfireso a mayar. An yi hunturu guda cur a kanta, ga hanyoyin ƙauye da nake bi kowane mako. Yaron ya buga ta a ƙasa sau ɗaya, ƙurar da ta zubo za ta cika kwanon sha. Baba ya ɗaga ta ya kalli rana ta cikinta, haske ba ya ratsawa. Ya ce hurawar ma da nake yi ɓarna ce: iska mai ƙarfi na yaga takardar, ƙura ta samu ƙofa, ta je ta riƙa cin gefen farfela kamar ana goga mata yashi. Lissafin kilomitan da ke cikin littafin mota an yi shi ne don ƙasashen da ba su san hazo ba. A nan ido ne ma'auni.

Tunda an riga an cire babban tiyon da ke shiga turbo, Baba ya tashi da kansa, inji a kashe ya huce, ya sa yatsu biyu ya kama kan sandar farfelar. Ya girgiza ta sama da ƙasa, akwai ɗan wasa kaɗan, wanda ya ce dole ne, don a kan baƙin mai take shawagi, in inji ya tashi mai zai cike gurbin. Ya ja ta gaba da baya, ba ta motsa ba. Ya juya ta, ta juya sumul, ba ta gogar bango, fikafikan babu wanda ya guntule. Ya goge hannu ya ce, "Wannan ne aka ce ya mutu? Zai binne wasu."

Muka sa sabuwar filta na zagaya. Ta ɗan sake, amma hayaƙi da "shiiii" suna nan.

Washegari na ɗauko ɗan yayata, wanda ya karanta aikin lantarki kuma ba ya rabuwa da waya. Yana da wata ƴar na'ura da ake cusawa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin aikin da balis, kwamfutar gwajin mota ta manyan garaji, ke yi, ita kuma tana magana da wayarsa. Lambar da ta fito ita ce P0299, ma'anarta matsin turbo bai kai yadda ake so ba. Ya ce, "Kawu, lambar nan ba ta ce turbo ya lalace ba fa. Cewa ta yi iska ba ta kai ba, ba ta faɗi dalili ba." Ya fara da gwada ko na'urar auna matsin ce ke ƙarya: aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, ta nuna kilofaskal 96, wato ma'aunin matsin iska. A bakin teku 101 ake samu, mu kuwa Damagaram muna sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, don haka 96 daidai ne. Sai muka hau hanyar Mirya, ina tuƙi yana kallon waya. Da na taka sosai a giya ta uku, kwamfutar motar na neman wajen 220, abin da ke isowa bai wuce 150 ba. A cire 96 na iskar Allah, turbon da ya kamata ya ƙara sama da 120 rabi ma bai kawo ba. Wannan ne kuma ke sa kwamfutar ta kunna fitila ta rage mai don ta kare injin, abin da nake ji kamar an riƙe motar.

Mun duba tiyo-tiyon da ido har sau biyu ba mu ga komai ba. Baba ya ce ido ba zai gani ba, tsagar roba rufe bakinta take yi sai an matsa mata. Ya sa aka samo gwangwanin da ya yi daidai da bakin tiyon shiga turbo, aka huda gindinsa aka dasa bawul ɗin tsohon tayar babur, aka cusa aka ɗaure da kolye tamau. Inji a kashe. Aka kawo famfon hannu mai agogo, ya hana a yi amfani da kwamfireso kai tsaye, ya ce kada matsin ya wuce rabin bar a agogon, kuma kowa ya kauce daga saitin gwangwanin, don in ya kuɓuce harsashi ne. Yaro ɗaya na bugawa, ɗaya na bin kowace mahaɗa da ruwan sabulu a gora. Sama babu komai. Allurar agogon dai ta ƙi tsayawa, ana bugawa tana saukowa. Sai da ƙaramin cikinsu ya kwanta ƙarƙashin bamba ya zuba ruwan a tiyon da ke fita daga lagireton iska, sai ga kumfa na tashi kamar an kaɗa nono.

Tsaga ce mai tsawon ɗan yatsa, a cikin lanƙwasar tiyon, ta ɓangaren da ke kallon ƙasa. Wani ƙarfe da ya saki, watakila tun wata gargada da na faɗa, shi ya yi ta gogar wurin har ya ci shi. Da aka ciro tiyon na ga alamar da ya kamata mu lura da ita tun farko: wurin ya yi dauɗar baƙin mai haɗe da ƙura, alhali kewayensa a bushe. Iskar turbo kullum tana ɗauke da ɗan tururin mai, duk inda ta samu kafa sai ta bar shaida. Yanzu in na ɗaga kapo abin da nake fara nema ke nan.

Wani ya ce a naɗe da robar tayar keke a ɗaure da waya. Baba ya harare shi. Wurin da ke shan zafi da mai da matsi, ga bazara ta kawo kai, kwana nawa ɗaurin zai yi? Na bi ƴan kayan gyara na samo tiyo na hannu mai kyau da sababbin kolye biyu, duka jika goma sha takwas.

Kafin a rufe, Baba ya sa aka bi siraran tiyon da ke zuwa ga ɗan gwangwanin da ke jikin turbon. Nawa irin mai fikafikai ne a ciki, waɗanda ke tsukewa su buɗe don su daidaita ƙarfin hayaƙi, kuma zuƙar iska ce ke jan sandarsu. In siririn tiyon ya tsage, zuƙar ta ɓace, fikafikan su zauna a buɗe, matsi ya faɗi. A wasu motocin kuwa, masu ƙofar zubar da hayaƙi da matsin turbo ke turawa, tsagar wannan tiyon akasin haka take jawowa, matsi ya yi yawa. Shi ya sa ba na yarda da gyaran "haka aka yi wa motar wane". Siririn tiyon nawa bakinsa ya bushe ya fara darewa, aka yanke santimita biyu aka mayar. Da aka tayar da inji sandar ta ja har ƙarshe ba ta sarƙe ba, alamar kunkunniya ba ta riga ta ƙame fikafikan ba. Mun leƙa mahaɗar bututun hayaƙi kafin turbo ko akwai baƙin zane na yoyo, babu. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ba mu kwance shi ba, ko da yake in ya maƙale a buɗe shi ma yana kawo irin wannan ciwon. Baba ya ce a bar shi sai juye na gaba.

Muka koma hanyar Mirya da yamma. Giya ta uku, totur har ƙasa, ɗan yayata ya ɗaga wayar ya ce, "Kawu, 218!" Madubi fes. Ƙarar da ta rage sai siririn fito na turbon, wanda na manta rabon da in ji shi.

Ran kasuwar da ta biyo na ɗora buhu goma sha biyar na nufi Tanut. Daidai inda ta ba ni kunya na tarar da wata tirela, na ba da sigina na wuce ta a giya ta biyar. Tsohon tiyon yana nan a bayan kujera. Na yi niyyar in kai wa saurayin nan ya gani, sau biyu ina bi ta ƙofar garajinsa ina tarar da shi da baƙi, ban tsaya ba.