Ni da Kawu a gidan tarihi

Asabar, Damagaram.

Yau dai na kai Kawu gidan tarihi. Sati biyu ina roƙonsa, kullum amsa ɗaya: "Me zan gani can wanda idona bai gani ba?" Da hantsi ya yarda, muka tare kabu-kabu biyu.

Ni zamanin Sarki Tanimun ne ya kai ni, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni, har igwa aka ƙera masa a garin nan. Mai yi mana bayani ya ce a lokacin arzikin Damagaram arewa yake kallo. Ayarin raƙuma ya sauka Zango, ya ɗauki fatu da gashin jimina, ya bi ta Agadas har Tarabulus. Da bayi kuma. Wannan ta tsaya mini a rai, don in ana kirarin sarakuna a gidanmu ba a taɓa ambatarta.

Sauran na sani tun daga lakkwal: Nasara sun ci garin a 1899, nan ne babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Kawu bai ce uffan ba sai da muka iso wurin kayan noma. Ya tsaya gaban wata hauya mai doguwar ƙota, ya daɗe. Ya ce, "Ɗana, har wannan ta zama abin kallo?"

Daga nan shi ya karɓi bayanin. Ya ce kakanmu ya faɗa masa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano fatake suka daina bin hamada, kowa ya juya kudu. Sai gyaɗa ta zama sarauniya. Da kuɗinta ake biyan haraji, da shi Kawu ya yi sadakin Inna, ya sayi keke. In kaka ta yi, buhuna jibge wurin awo, SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa, tana saye. Sai farin 1973 da 1974. Ya sayar da shanunsa biyu, ya shigo birni yana garuwa, a garin da ruwa ya fi komai wuya. Ban taɓa sanin Kawu ya yi garuwa ba. Na tashi na gan shi da kantinsa, na ɗauka haka yake tun fil'azal. Na ji hawaye sun taho mini, na kau da kai.

A hanyar gida tankoki uku suka wuce mu, daga matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Kawu ya bi su da kallo, bai ce komai ba.

Bayan magariba ya aiko a kira ni. Ya ce in buga wa ƙanensa waya a ƙauye, a duba bayan rumbu ko hauyarsa tana nan, kada yara su kai ta wurin masu sayen ƙarfe. Na buga, layi bai shiga ba. Zan sake gwadawa da asuba.