Asabar: mun zuba harsashin katangar gabas

Tifar yashi ta riga kowa isowa, ko karin kumallo ba mu yi ba. Direban ya ce daga Chalawa ya ɗebo. Baba magini bai tanka masa ba, ya hau taya ya damƙo yashin ya matse, sannan ya buɗe hannu. Yashin ya warwatse, bai bar jar ƙasa a tafinsa ba. Ya ce, "Malam, wannan ya yi. A sauke." Yashin da ke da laka ba ya riƙe siminti, in ji shi, ko buhu nawa aka zuba.

Daren Talata ne katangarmu ta gabas ta faɗi. Iskar farkon damina ce, irin wadda ke zuwa da jar ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka. Ƙafa 50 ta kwanta gaba ɗaya cikin tsakar gida, daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma su ci tuwon dare. Allah Ya sa ƙurar ta riga ta kora kowa ɗaki. Randa biyu da turmi da murhun uwargida ne suka tafi. Har yanzu in na dubi wurin sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar da langa-langa da zana muke rufe gidan, Hajiya kuwa ta daina fitowa shan iska da yamma, ta ce ita ba za ta zauna a titi ba.

Kafin a fara aiki Baba ya zagaya da ni wajen ɓaraguzan, ya ce in gani da idona. Bulo mai inci 6 ne, tun daga ƙasa har sama, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsawon mita 15. Harsashin bai kai kamu biyu ba. Wanda ya gina gidan kafin mu saya ya ƙara sahu uku a sama lokacin da aka yi bene a bayan layi, ana iya ganin inda launin bulon ya bambanta. Baba ya ɗauki guda ya murza gefensa da babban yatsa, sai ga shi yana zuba. Ya ce wannan yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa.

Ƙarin sahun nan ya tsaya mini a rai, domin lissafin da nake koyarwa a aji ne ya zo ya same ni har gida. Ƙarfin da iska ke tura bango da shi yana tafiya ne da gudunta sau gudunta: in gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Tsayin bango ma haka yake. In ka ƙara tsayi ka ƙara faɗin da iska za ta daka, kuma ka ɗaga inda take dakan ya yi nisa da ƙasa. Katanga mai mita 2 in aka mayar da ita mita 2.8, ƙarfin da ke son tumɓuke ta daga gindi ya kusa ninka biyu, alhali kaurinta yana nan yadda yake. Na faɗa wa Baba haka, ya yi murmushi ya ce shi bai san lissafin ba, amma in na je Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya in dubi abin da ya rage na badala, wato ganuwar birnin Kano: gindi faffaɗa, sama siriri. Haka magina na da suke ɗora tubali, ko katangar gida ce. Kuma bangon gabas suka fi ba kulawa, shi ake fara yi wa yaɓe da makuba, don hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa. Bulo ya zo da kauri ɗaya daga ƙasa har sama, to abin da faɗin gindi ke yi a da, yanzu rodi da kankare ne za su yi shi. Wanda ya tsallake su bai gina komai ba.

Da hantsi bulon ya iso a kura. Na sayi mai inci 9, kusan 400, domin bulo 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya, sai a ƙara na karyewa. Baba ya zaɓi uku daga wurare daban-daban a cikin lodin, ya ɗaga kowanne daidai ƙirjinsa ya saki. Biyu suka tsaya lafiya, ɗaya ya rabe gida uku. Ya ƙwanƙwasa wasu da cokalin gini yana saurare, ya ware waɗanda ba su da amo. Ya ce ɗanyu ne, ba su sha ruwa sun kwana ba aka loda su. Yaron gidan bulon ya so ya yi musu. Baba ya ce masa, "Ɗana, ba faɗa ba ne. Koma ka gaya wa maigidanka a canzo mana, mun gode." Ya kwashe su kuwa.

Ramin harsashin jiya aka haƙa, amma da Baba ya shiga ya caka diga sai ya ce ba a kai ba. Wajen kusurwar kudu ƙasar cike ce, tsohuwar bola ce aka binne, har da leda da gutsattsarin kwalba. Leburori suka ƙara haƙa har sai da jar ƙasa mai tauri ta fito. Faɗin ramin ya ninka kaurin bulon sau uku. A inda kowane ginshiƙi zai zauna an ƙara faɗaɗa shi an zurfafa. Ginshiƙi 6 za a yi, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa mita 3.

Mai ɗaurin rodi ya zauna a gindin darbejiya yana aikinsa. Rodin daga Ƙofar Ruwa na sayo, mai milimita 12. Kowane tsawo mita 12 ne, in aka yanka shi huɗu ya ba da ƙafafun ginshiƙi ɗaya cif. Ya lanƙwasa ƙarshen kowanne don ya kwanta cikin kankaren ƙasa ya riƙe, ya zura zobba na siririn rodi ya ɗaure da waya. Da aka saukar da su rami, Baba ya sa aka tallafe su da ƙananan duwatsu don kada ƙarfe ya taɓa ƙasa. Rodin da bai lulluɓu da kankare ba tsatsa yake yi, in ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa ginshiƙin daga ciki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Alhaji maƙwabcina ya leƙo, muka gaisa, ya yi mana sannu da aiki. Na san abin da ya kawo shi. Rumfar awakinsa a jikin tsohuwar katangar take, an cusa katakonta cikin bulo. Baba tun farko ya nuna mini cewa daga nan tsagewar ta fara: iska ta shiga ƙarƙashin kwanon rumfar ta ɗaga shi, shi kuma ya fizgi saman bangon. Alhaji ya ce, "Malam, in an gama zan mayar da rumfar nan inda take, ko?" Ban ji daɗin tambayar ba, kuma ban so in ce a'a. Hadisin Abu Huraira yana nan cikin Bukhari da Muslim, cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Mutumin nan kuma shi ya fara fitowa da fitila daren Talata, 'ya'yansa suka taya mu kwashe bulo har tsakar dare.

Baba ne ya raba mana gardama kafin ta taso. Ya ce, "Alhaji, rumfarka za ta zauna a wurinta, ba inda za ta. Amma mu kafa mata ƙafafunta na ƙarfe guda biyu daga ɓangarenka, mu zuba musu kankare yau tare da namu. Ta jingina da bango, kada ta rataya a wuyansa." Alhaji ya yi shiru kaɗan, ya ce to shi zai kawo bututun ƙarfen, kuma buhun siminti biyu daga gare shi, tunda katangar ta rufe iyalinsa kamar yadda ta rufe nawa. Na ce ya bar shi, ya ce wallahi sai ya kawo. Kafin azahar yaronsa ya turo su a baro. Ban raina ba. Tun farkon 2024 da buhu ya haura naira 10,000, kowa ya san nauyin buhu biyu.

Maganar tsayi kuwa a cikin gida aka yi ta. Uwargida so take a mayar da katangar yadda take, har da sahu ukun nan, saboda benen baya. Hajiya ta goya mata baya. Gaskiyarsu ne, su ke wuni a tsakar gida, su ke wanki da girki, ba ni ba. Gidan da ake hango matansa daga waje ba gida ba ne. Amma ni ma ba zan iya sake ɗora bango mai tsayi a kan inda yarana ke zama ba. Na kira Baba ya tsaya daga bakin zaure, ya gaishe da Hajiya. Ya ce, "Hajiya, sahu 9 za mu yi a saman ƙasa, ya wuce kan dogon mutum. Sai mu ɗaura masa ɗamarar kankare da rodi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta haɗe ginshiƙan duka. A samanta mu jera sahu biyu na bulo mai huda. Iska ta wuce ta ciki, ido kuma ba ya samun abin gani." Hajiya ta tambaya ko daga tagar benen ba za a gani ba. Ya ce wajen wanki da madafa kaɗai tagar ke kallo, wannan kuwa rumfa ce maganinsa, ba tsayin bango ba, ko mita 3 aka yi na sama zai hango. Uwargida ta ce in dai za a yi rumfar kafin azumi ta yarda. Na yi alkawari a gaban Hajiya.

Bayan azahar aka fara kwaɓa. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne. Na harsashi, kowane buhu aka ba shi kwano 6 na yashi da 12 na tsakuwa. Na gindin ginshiƙai ya fi ƙarfi, kwano 4 da 8. Na tsaya a kan awon da kaina, ba don ina zargin kowa ba, sai don in gajiya ta zo hannu yakan ƙara yashi ba da niyya ba. Abin da Baba ya fi tsawatarwa a kai shi ne ruwa. Samarin sun fi son kwaɓin ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗiba, shi kuma yana cewa ruwan da ya yi yawa in ya bushe ramuka yake bari a ciki. Kura uku ta mai garuwa muka sha. Ana zubawa, wani na bi da guntun rodi yana soka kankaren don iska ta fita, Baba na bi da igiya da ma'auni yana duba ko rodin ginshiƙai sun tsaya sak.

Ya kuma yi alama a wuri uku inda za a bar rariya a sahun farko na saman ƙasa, a sa bututu. Tsohuwar katangar rariya ɗaya gare ta, ita ma ta toshe, duk damina ruwa na kwanciya a gindinta. Ƙasar da ta jiƙe ta yi laushi ba ta riƙe harsashi, iska sai ta zo ta tarar an yi mata rabin aiki.

Ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta fara kaɗa ledoji, saura kamar mita 3 ba a zuba ba. Ban taɓa ganin aiki da sauri irin wannan ba. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya kama shebur, ni na ɗauki kwanon sarki, uwargida ta miƙo tamfol da tsofaffin buhuna ta saman langa-langa. Ruwa mai ƙarfi in ya sauka kan ɗanyen kankare wanke simintin sama yake yi ya bar tsakuwa tsirara. Muka gama, muka rufe, muka danne da bulo. Aka tokare rodin da katako don kada iska ta karkatar da su. Ƙura ta zo ta rufe unguwa, langa-langa ɗaya ya tashi sai a gidan Alhaji aka tsinto shi. Aka yi yayyafi na ɗan lokaci, hadarin ya wuce yamma. Da muka ɗaga tamfol Baba ya danna yatsa a gefe ya ce lafiya lau.

Na sallami leburori da mai rodi bayan magariba. Baba ya zauna ya sha kunu, ya ba ni umarnin gobe. Ba za a ɗora bulo ba sai Litinin. Safe da yamma a yayyafa wa kankaren ruwa, a bar buhunan a jiƙe a kansa, haka har mako guda, ko bayan an fara gini. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Bulon da zai shiga ƙasa za a cika cikinsa da kankare. Ginshiƙai kuwa sai bango ya tashi za a kafa katako a zuba su, don kankaren ya shiga bakin bulon ya kama shi ta kowane gefe. Kuma ba zai ɗora fiye da sahu biyar a wuni ɗaya ba, tunda lokacin iska ne.

Zai tafi ya tsaya ya dubi katangar arewa, ya dafa ta, ya ce ita ma hannu ɗaya ne ya gina su. Ba sai an rushe ta ba, za a iya sara ta a wuri huɗu a shigar da ginshiƙai, a sauke ƙarin sahun da ke sama. Na ce ya yi mini lissafin rodi da siminti ya zo da shi Litinin. Kafin nan na gaya wa uwargida a mayar da tabarmar yara ƙofar ɗakin Hajiya, kada kowa ya zauna a gindin katangar arewan nan in hadari ya haɗo.