Kwana Bakwai a Jos, Garin da Kakana Ya Haƙi Kuza

Ƙarshen watan Afrilu na bar Katsina, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, kowa yana kwana a tsakar gida da mafici a hannu. Bikin ɗiyar yayana ne ya kai ni Jos. Biki kwana biyu ne, amma na ce tunda Allah Ya sa ƙafata za ta taka garin, sai na cika mako.

Muka bi ta Funtuwa da Zariya, muka karya ta Pambeguwa da Saminaka. Daga Jengre mota ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Katsina tana kan wajen mita 500 daga matakin teku, Jos kuwa ta haura 1,200, kuma jiki ne yake fara gaya wa mutum haka. Duwatsun suka fi ɗaukar hankalina. Manyan curi ne, wani a kan wani, kamar da hannu aka ɗora su, ga gidaje a gindinsu, yara suna wasa a ƙasa ba ruwansu. Mu da muka saba idonmu ya miƙe har ƙarshen gona, nan duk inda ka juya dutse ne ya tare ka.

Daren farko aka yi ruwa. Da asuba na taɓa buta, na janye hannu. Matar yayana ta ce, "Baban yara, ka bari a ɗumama maka, ruwan nan ba irin naku ba ne." Bargo biyu na rufa, a watan da mutanen gida suke yayyafa wa tabarma ruwa kafin su kwanta.

Sanyin nan ne ya tuno mini da kakana na wajen uwa. Muna yara, in hunturu ya shiga muna ƙorafi, sai ya ce, "Ku ba ku san sanyi ba, sanyi yana Jos." Shi ba yawon buɗe ido ya kai shi ba. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, wato yankin Malesiya ta yau, daga hannun Ingila, Turawa suka rasa inda suke samun kuza mai yawa, sai suka juyo kan tudun Filato. Aka riƙa ɗibar samari daga garuruwan Arewa ana kai su haƙa a kan tilas, har zuwa 1944. Kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ya ce da riga ɗaya ya tafi, suna wuni cikin ruwa da laka da kwano a ka, abinci ba ya isa, da dare ƙirji ya kama mutum. Da yawa ba su dawo gida ba.

Don haka rana ta uku na roƙi yayana ya kai ni wajen Bukuru in ga ramukan. Yanzu kududdufai ne, ruwansu a kwance shiru, gefensu tsibin jar ƙasar da aka tono tun wancan zamani. Yaya ya riƙe mini hannu ya ce kada in matsa baki, zurfinsu ba a cewa komai, kuma suna cin mutane da dabbobi. Abin da ya ba ni mamaki, da ruwan waɗannan ramuka ake noman rani. Ga injin ban-ruwa yana aiki, ga kabeji da karas da dankalin Turawa kore shar. Can gefe wasu mata suna wanke ƙasa a ƙwarya, suna jujjuya ta har yashi ya tafi, baƙin gari mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Na gaida babbar cikinsu, na ce, "Mama, wannan ce kuzar?" Ta zuba mini kaɗan a tafin hannu. Na daɗe ina kallonta ban ce komai ba, sannan na sayi ɗan ƙulli a leda.

Sauran kwanakin yawo ne. Na shiga kasuwar Farin Gada, inda ake loda kayan gwari zuwa ko'ina, na ci 'ya'yan sitiroberi karon farko, na sha gwaten acca da zafinsa. Na je gidan tarihin da aka buɗe a 1952, na ga kawunan yumɓu na Nok, aikin mutanen zamanin dā, waɗanda ma'aikatan kuza ne suka fara cin karo da su a cikin ƙasa. Kusa da nan an gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya da jar ƙasa, amma suna neman gyara, abin ya dame ni. Duwatsun Shere daga nesa kawai na hango su.

Hausar garin ta burge ni. Birom da Anaguta da Ibo da Bayarabe duk da ita suke ciniki, ko da wani zai ce wa mace "ya zo". Sai dai ba zan ɓoye ba, garin yana ɗauke da tabo. Tun rikicin Satumbar 2001 unguwanni suka rabu, mai keke Napep yakan tambaye ka inda za ka kafin ya ce hau. Babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 na gan ta kango, 'yan tireda sun kewaye ta. Duk da haka, wadda ta yi girkin bikinmu tare da matar yayana maƙwabciyarsu ce ta dā, Kirista, ta tako tun daga wata unguwa da tukunyarta.

Na dawo Katsina da buhun dankali da leɓe a tsage. Da na gaida Inna, na kwance ledar nan na zuba mata a hannu, na ce kuza ce. Ta murza ta da yatsa, ta auna nauyinta a tafi, ta yi wa mahaifinta addu'a. Can ta ɗago ta ce, "To, sanyin da Baba yake faɗa, da gaske ne?"

Na ce, "Da gaske ne, Inna. Kuma ni da bargo na same shi."