Na je arba'in ɗin Iya a Garwa

Shekaranjiya na dawo daga Garwa ta ƙasar Kamaru, har yanzu ƙurar hanyar Belel ba ta gama fita daga gyalena ba. Sadakar arba'in ta Iya, kakar mahaifiyata, ita ta kai ni.

A wani shinge bayan mun ƙetare iyaka, wani mai kaki ya karɓi katin rigakafina, ya juya shi gaba da baya, ya yi ta zuba mini Faransanci kamar na ci masa bashi. Na ce ta'aziyya za ni. Ko "Allah ya jiƙanta" bai ce ba, sai da jaka biyu ta sefa ta fita. Da na lissafa ta a naira, yunwar da nake ji ma ta gudu. Namu na gida su ma suna karɓa, amma aƙalla sukan haɗa da "Hajiya, a sauka lafiya".

Gidan na unguwar Hausare, kuma can ɗin ma Fulatanci ya fi yawa a bakin yara. Goggo ta tare ni da shayi da dogon burodin nan nasu mai ɓawo, da dare kuma aka gasa mini giwan ruwa daga Binuwai. Kifi dai sun fi mu arha, ba gardama.

Iya tun tana yarinya aka kawo ta aure daga Yola, kafin Ahmadu Ahijo, ɗan garin, ya zama shugaban Kamaru a 1960. Takan ce ita ba ta san wata iyaka ba, kogi ɗaya ne ya ratsa gidan ubanta da na mijinta. Kowace sallah sai ta aiko mana da daddawa da kuka ta hannun direbobi, ƙulli ƙulli, kowa da nasa.

Da Goggo ta buɗe ɗakinta, jeren kwanoninta na nan yadda ta bari, ƙamshin turaren wuta bai fita ba. Ta ciro wani zaren saƙa daga ƙasan kwalla, duk ƙulle-ƙulle. Wai duk haihuwar da aka yi a zuri'a sai Iya ta ƙulla ɗaya, wanda ya rasu kuma ta shafa wa nasa shuni. Da asuba takan bi shi da yatsa tana ambaton sunaye.

"Ga naki nan, 'yar nan," in ji Goggo. "Kishiyata mai rowar zumunci, haka take kiranki."

Shekara shida rabona da ita. Na kasa cewa komai.

Washegari aka yi addu'a, aka raba waina da goro. Na leƙa kasuwa na sayi atamfa turmi biyu, an cuce ni a ɗaya. A komowa motarmu ta yi faci sau biyu, sai bayan isha'i muka shiga Yola.