Godiya Bayan Jinyar Maiɗakina

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Laraba aka sallamo maiɗakina daga asibiti bayan mako bakwai. Jinin da ta zubar wajen haihuwa ne ya taɓa mata ƙoda, sai da aka yi mata wankin ƙoda sau tara kafin ƙodar ta farfaɗo. Jaririyar ma lafiyarta ƙalau, tana hannun Inna.

'Yan majalisarmu na ƙofar masallaci, ku kuka ba da jini leda huɗu tun ban buɗe baki ba. Matan layinmu sun haɗa kuɗin adashen wannan wata sun kawo, alhali ba kwasarmu ba ce. Wata dattijuwa mai ƙosai a bakin asibiti ta kwance gefen zaninta, ta miƙo min naira ɗari biyar duk ta yamutse, ta ce, "Ɗana, ka ƙara, Allah Ya tashi kafaɗarta." Har gobe idan na tuno ta sai idona ya kawo ruwa. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

A wanki na huɗu kuɗi suka ƙare, babur ɗina ma na riga na sayar. Limaminmu ne ya kira wani Alhaji a waya, washegari ya biya ragowar gaba ɗaya, ya kuma ce kada a ambaci sunansa. Alhaji, ban ambata ba, amma Wanda ka yi dominSa Ya san ka. Allah Ya ƙara buɗi, Ya jiƙan mahaifa.

Waɗanda muke zama tare sun san na daɗe ina cewa kyautar attajirai ba ta maganin talauci. Wani aboki ya tambaye ni, "To yanzu fa?" Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: da ba don dukiyar bawan Allahn nan ba, ban san yadda za ta kaya ba. Kuma ba a kaina aka fara ba. Cibiyar wankin ƙoda da marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai ɗauke da sunan mahaifinsa Alhassan Ɗantata, mutane nawa suka amfana da ita?

Sai dai akwai abin da ke hana ni barci. A gadon da ke kusa da namu akwai wata matashiya daga ƙauye, ciwonsu iri ɗaya. Mijinta manomi ne, ya sayar da shanun huɗarsa, bayan wanki biyu ya naɗe tabarma ya tafi da ita gida. Ba shi da limami mai lambar wani Alhaji. Ni hanya na samu, ban fi shi da komai ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Wace waya ce za ta kai kukan duk waɗannan? Zakka, ɗaya cikin arba'in, haƙƙinsu ne a dukiyar mai hali, ba alfarma ba, kamar yadda asibiti mai sauƙin kuɗi yake haƙƙinsu a kan gwamnati.

Na karɓi lambar mutumin kafin su tafi. Ɗan abin da ya rage na gudummawarku, mun shawarta da maiɗakina mun tura masa jiya, ina fata kun yafe. Ya ce tana nan da rai, amma ƙafafunta sun kumbura. Duk mai niyyar taimaka musu ya same ni bayan sallar Isha'i, in haɗa su.