Tsohon katin hoto da sabo: abin da na gani da idona a shagonmu

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Wadata a Yamai. Bidiyon biki da na suna muke haɗawa, idan aiki ya lafa kuma mu gyara wa mutane kwamfuta. Kwamfutar da na koyi aiki a kanta tana ɗauke da katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna da bidiyo, mai suna GeForce GTX 1080 Ti, wanda Nvidia ta fitar a watan Maris na 2017. Na hannu maigidana ya saye shi. Ni kuwa tun zuwana raina yana kan sabo, don a ganina duk katin da ya zo daga baya dole ya shanye na gabansa.

Bayan wata Sallah da aiki ya yi albarka, maigida ya yarda muka haɗa kwamfuta ta biyu da RTX 4060, katin da ya fito a watan Yunin 2023. Shekara shida ke nan tsakaninsu. A ranar farko na ɗora bidiyon biki guda a kan kowacce, sabuwar ta gama tun tsohuwar tana tsakiyar hanya. Na kira maigida ya zo ya gani. Bai kalli allon ba ma, sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin tsohuwar, ya janye da sauri.

"Ɗana, yaushe rabon da a buɗe ta?"

Da na kwance katin, jar ƙurar hunturu ta cushe tsakanin siraran ƙarafan da iska ke bi, ta dunƙule kamar auduga. Man nan da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar katin don ya kwashe zafi ya bushe ya zama ƙanzo, sai da na kankare shi a hankali. Shi kuwa kati irin wannan, da zafinsa ya haura digiri 80 sai ya fara rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ashe mara lafiya na sa tsere da mai lafiya. Bayan haka ma akwai wani rashin adalcin: sabuwar kwamfutar tana da sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da faifan ajiya mai sauri, duk na haɗa nasararsu na ba kati.

Sai na sake gwajin yadda maigida ya nuna mini. Kwamfuta ɗaya, bidiyo ɗaya, da sassafe kafin rana ta yi zafi, in cire wannan kati in sa wancan. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. A yawancin aikinmu, da ma wasannin da samari ke zuwa bugawa da yamma, kusan kunnen doki suka yi. Tazarar da ta rage ba ta kai a tafasa shayin farko ba.

A wurin cin wuta ne sabon ya nuna kansa, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, don babu wanda ke kallonsa idan ana cinikin kati. GTX 1080 Ti yana jan wat 250, RTX 4060 kuwa 115. Bambancin wat 135 ne, idan suka yi awa takwas suna aiki sosai ya haura kilowat-awa ɗaya, wato yunit ɗaya na mita, a rana. Duk wutar da kati ya ci zafi take komawa, zafin kuma a ɗakin da kake zaune yake tsayawa. Wanda ya san Yamai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san me nake nufi. Da bazara fankokin tsohon katin ihu suke yi, har sai na ɗaga murya kafin abokin ciniki ya ji ni. Idan aka ɗauke wuta kuma, batirin da muke jingina da shi yana ba sabuwar kwamfutar lokacin da zan adana aiki a natse, ita tsohuwar sai da gaggawa.

Amma tsohon yana da inda ya riƙe girmansa. Ma'ajiyarsa gigabait 11 ce, ta RTX 4060 kuwa 8. Idan aka kawo mana bidiyo mai nauyi na 4K, aka jibga masa gyaran launi da rubuce-rubuce, wurin ajiyar nan yana yin rana. A nan na daina yarda da lambar da ke jikin kwali, domin RTX 3060 da ya fito a 2021 gigabait 12 gare shi, ya fi ƙanensa da ya zo bayansa. Sabon kuma ya iya abubuwan da ba a gina tsohon da su ba, kamar fitar da bidiyo a AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, da DLSS da ke ƙara wa wasanni santsi. Masu wasa suna murna da su. Mu masu bidiyon biki, da yawancin aikinmu a WhatsApp da Facebook yake ƙarewa, ba kullum muke taɓa su ba.

Wannan gwajin ya canza yadda nake amsa wa mutane. Kwanakin baya wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya tsallako gada daga Harobanda da tsohuwar kwamfutar ofis a bayan babur, ya ce yana son kati mafi ƙarfi da kuɗinsa za su iya saya. Da a da ne, da na lissafa masa sunaye. Sai na buɗe akwatin tukuna, na nuna masa cewa ɗan akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta ba zai ɗauki babban kati ba, furosesan ma ba zai iya tafiya da saurinsa ba. Ramin da ake soka kati a ciki wat 75 yake bayarwa, kuma akwai nau'in GTX 1650 da wannan ya ishe shi ba tare da ƙarin waya ba. Shi muka sa masa, ya koma da ragowar kuɗi a aljihu.

Masu neman na hannu kuma ina gaya musu su yi hattara da irin su RX 580, don da yawansu sun yi shekaru suna aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet ɗin, ta daina wannan tsari a Satumban 2022. Ba na cewa kada a saya. Ina cewa a bar ni in kunna shi awa ɗaya ina kallon zafinsa, in saurari fankarsa.

Katunan biyu suna nan suna aiki a shagon. Sabon ne ke ɗaukar aikin rana, tsohon muna bar masa manyan bidiyo da dare idan gari ya yi sanyi, kuma duk ƙarshen wata nakan kwance shi in bi shi da buroshi.